Ruwa Na Ƙasa: Na Wanda Ya Tona Ne?

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Da wannan karin magana iyaye ke zaburar da malalacin yaro, mu ma malaman makaranta da ita muke ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa idan jarrabawa ta ƙarato. Ba mu da ja a kanta. Sai dai akwai wata tambaya da ta bari ba ta amsa ba, wadda mu kanmu ba mu taɓa lura da ita ba sai da wani al'amari ya faru a unguwarmu a nan Achilafiya. Tambayar ita ce: idan mutum ya tona ya tarar da ruwan, shi ke nan ya zama nasa?

Ga abin da ya faru. Muna da wata tsohuwar rijiya a bakin hanya, wadda muka tashi muka tarar ana ɗiba, babu mai iya faɗin shekarar da aka gina ta. Ko a tsakiyar bazara takan ja baya ne kawai, a ƙara wa guga igiya, amma ba ta ƙafewa. Ana nan sai wani bawan Allah mai hali ya kawo motar haƙa, aka yi masa rijiyar burtsatse a filinsa, ya sa inji, ya ɗora tanki, ya kafa lambu. A gaskiya bai yi rowa ba, domin har famfo ya fitar waje saboda maƙwabta. Da bazara ta biyu ta zagayo sai tsohuwar rijiya ta ƙafe. Samari suka shiga suka yashe ta, ba su fito da komai ba sai laka. Dattawa suka ce burtsatsen ce ta shanye ruwan. Shi kuwa ya ce fili nasa ne, kuɗi nasa ne, daminar ma ba ta yi kyau ba, sannan wa ya shiga ƙarƙashin ƙasa ya ga ruwan rijiyar yana tafiya wajensa?

Har gobe ba a rasa ruwan sha a unguwar ba. Amma matan da a da ke zura guga ba tare da sun gai da kowa ba, yanzu sai sun jera jarkoki suna jiran a buɗe famfo. Abin da yake haƙƙi ya koma alfarma. Wannan shi ya hana mu sakat, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Abin mamaki, inda muka sami ɗan haske a kan wannan tambaya ba kusa ba ne. Mun same shi ne a ƙurewar kudancin duniya, a nahiyar da babu ko gona ɗaya a cikinta, lokacin da muke shirya wa ɗalibai darasin labarin ƙasa. Muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya raka mu can, za mu dawo gida.

Tafkunan Da Ke Ƙarƙashin Ƙanƙara

Mu a nan ƙanƙara biyu muka sani: wadda ke zubowa da ruwan farkon damina ta farfasa ganye, da wadda ake sayarwa a leda lokacin azumi. To a nahiyar Antaktika ƙanƙara ce ta lulluɓe ƙasar kusan baki ɗaya, kaurinta a wasu wurare ya wuce kilomita 4. A 1957 Tarayyar Sobiyet ta kafa sansanin bincike a tsakiyar nahiyar ta sa masa suna Vostok. A nan ne ranar 21 ga Yuli, 1983, aka auna sanyin da ya kai digiri 89.2 ƙasa da sifiri, wanda ma'aunin da ke ƙasa bai taɓa nuna irinsa ba a ko'ina a duniya. Duk mai hankali zai ce a irin wannan wuri ruwa ba zai taɓa zama ruwa ba.

Ashe masu zaman sansanin a kan tafki suke kwana ba su sani ba. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Rasha, Andrey Kapitsa, ya yi gwaje-gwaje a wurin a 1959 da 1964. A shekarun 1970 jiragen sama suka ratsa nahiyar ɗauke da na'urar rada, wadda ke aika igiyar rediyo ta huda ƙanƙara. Idan ta tarar da dutse sai ta dawo a hargitse, idan kuwa ruwa ta tarar sai ta dawo sumul kamar hoto a madubi. Daga baya tauraron ɗan'adam ya nuna cewa saman ƙanƙarar wurin a shimfiɗe yake kamar faifai, alamar a kan ruwa take kwance. A 1996 masana na Rasha da na Birtaniya suka haɗa waɗannan shaidu suka tabbatar wa duniya da Tafkin Vostok. Tsawonsa wajen kilomita 250 ne, wato ya ɗara nisan Kano zuwa Kaduna, faɗinsa wajen kilomita 50, girmansa ya wuce rabin Jihar Jigawa. Ƙanƙarar da ke kansa ta kusa kilomita 4, kuma masana sun ƙiyasta cewa ya yi miliyoyin shekaru rabonsa da hasken rana.

To me ya hana shi daskarewa? Abu uku ne. Na farko, cikin ƙasa yana fitar da ɗumi a hankali, dare da rana. Na biyu, ƙanƙarar da ke sama ta zama bargo, ta hana ɗumin fita, ta hana sanyin sama sauka. Na uku, nauyin ƙanƙara idan ya yi yawa yakan sa ruwa ya ƙi daskarewa ko da sanyinsa ya ɗan gota sifiri. Ke nan abin da ya binne tafkin shi ne kuma ya raya shi.

Vostok ba shi kaɗai ba ne. Ƙidayar da masana suka fitar a 2022 ta kawo tafkuna 773 a ƙarƙashin ƙanƙara a duniya, 675 daga ciki a Antaktika, 64 a tsibirin Girinland da ke ƙurewar arewa.

Ruwan Ɓoye Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Da farko an ɗauka kowane tafki a kulle yake shi kaɗai, kamar ruwa a randa. A 2006 wasu masana a Birtaniya suka bayyana abin da ya rushe wannan zato. Sun duba awon da tauraron ɗan'adam ya yi tsakanin 1996 da 1998, sai suka ga saman ƙanƙara ya lotsa da wajen mita 3 a wani wuri, a daidai lokacin kuma ya kumbura a wasu wurare masu nisan kilomita 290 daga nan. Ma'ana, wani tafki ne ya tsiyaye cikin wata 16, ruwansa ya bi ta ƙarƙashi ya cika waɗansu. A 2022 kuma aka ba da labarin wani kogi mai tsawon kilomita 460 da ke gudana a ƙarƙashin ƙanƙarar nahiyar.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Mun saba cewa ruwa gangare yake bi, amma a can yakan hau tudu, domin ba gangaren ƙasa kaɗai ke tafiyar da shi ba, nauyin da ke danne shi ne ke tura shi daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi sauƙi. Bugu da ƙari, wannan ruwa shi ne man da ƙanƙara ke sulɓi a kansa. Tsakanin ƙarshen 2005 da farkon 2007 wasu tafkuna biyu sun tsiyaye a ƙarƙashin wani makeken kwarin ƙanƙara mai suna Byrd, sai gudun ƙanƙarar zuwa teku ya ƙaru da wajen kashi 10 cikin ɗari. Ƙanƙarar da ta bar tudu ta faɗa teku kuwa ƙara wa teku cika take yi, kuma wanda ke zaune a bakin ruwa a Legas yana cikin masu jin abin a jikinsu. Masana sun ƙiyasta cewa da ƙanƙarar Antaktika duka za ta narke, da teku ya ƙaru da wajen mita 58.

Darasin farko ke nan da muka tsinta: ruwan da ba a gani yana da hanyoyinsa, yana da 'yan'uwansa a nesa, kuma wanda ya taɓa shi a nan ya taɓa wani a can, ko ya sani ko bai sani ba.

Yadda Aka Taɓa Tafkunan

Ɗan'adam ba ya jin labarin abin ɓoye ya haƙura. Tun kafin a tabbatar da tafkin, masu bincike a Vostok suna haƙa rami don ciro ƙanƙarar da, wadda ke ɗauke da tarihin yanayin duniya. Don kada ramin ya haɗe sai suka cika shi da kananzir da wani sinadari, tan masu yawa. A 1998, da suka kai zurfin mita 3,623, saura bai fi mita 150 ba su huda tafkin, sai aka dakata, saboda masana na ƙasashe daban-daban sun nuna tsoron kada a gurɓata ruwan da ya yi miliyoyin shekaru ba a taɓa shi ba. Shekaru aka yi ana muhawara.

Mai karatu ya lura da wannan. Babu mai sha daga wannan tafki, babu mai ban-ruwa da shi, babu ƙasar da ta mallake shi. A lokacin ma ba a san ko akwai abu mai rai a cikinsa ba. Duk da haka aka ce wa mai injin ya tsaya. Abin da ya ba da ƙafar yin haka shi ne yarjejeniyar Antaktika da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a birnin Washinton a 1959, wadda ta keɓe nahiyar don zaman lafiya da bincike, da kuma ƙarin da aka yi mata a Madrid a 1991, wanda ya haramta haƙar ma'adinai, ya kuma wajabta wa duk mai son yin babban aiki ya fara bayyana wa sauran ƙasashe irin illar da aikin zai iya haifarwa.

Ba muna cewa mutanen can waliyyai ba ne. Akwai gasa a tsakaninsu, kowa na son a ce shi ya riga. Rasha ta koma haƙa, kuma ranar 5 ga Fabrairu, 2012, ta huda tafkin a zurfin mita 3,769. Dabarar da suka yi ita ce su rage matsin ramin, yadda ruwan tafkin zai taso cikinsa ya daskare maimakon kananzir ya gangara. Ruwan ya taso, amma da aka ciro shi aka tarar ya gauraya da kananzir, sai gardama ta tashi: ƙwayoyin halittar da aka gani a ciki na tafkin ne, ko kuwa na ramin ne? A Disamba na shekarar, masanan Birtaniya suka gwada huda Tafkin Ellsworth da ruwan zafi, aikin ya ci tura, suka tattara kayansu. A Janairun 2013 Amurkawa suka huda mita 800 zuwa Tafkin Whillans da ruwan zafi wanda aka tace aka kashe ƙwayoyin da ke cikinsa. Ruwan da suka ɗebo ya fito da tsabta, aka sami ƙwayoyin halitta kusan iri 4,000 suna rayuwa cikin duhu da sanyi.

Darasi na biyu ke nan: samun ikon isa ga abu daban, samun izinin yin yadda aka ga dama da shi daban. Wanda kuma ya shiga da ƙazamin kayan aiki, shi ne farkon wanda zai yi asarar abin da ya je nema.

Mu Dawo Gida

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna tafiya a kan ruwan ɓoye kullum. Gawo ya riga mu sanin haka, shi ya sa yake fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, domin saiwarsa ta kai inda idonmu bai kai ba. Sai dai ruwan namu ba tafki ne a buɗe ba kamar na Vostok. A wajen duwatsun Kazaure da Roni yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin fa, shi ya sa wani zai haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Idan aka nausa gabas zuwa ƙasar rairayi, wadda ta gangara har Tafkin Chadi, ruwan yana kwance ne a tsakanin ƙwayoyin yashi, hawa-hawa. Ko ta wace hanya, ruwan sama ne da ya nutse, wani na daminar bara, wani na zamanin da ba a san adadinsa ba. Kuma kamar na ƙarƙashin ƙanƙara, yana tafiya daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda aka rage shi. Inji idan ya ja ruwa da ƙarfi yakan sa matakin ruwan da ke kewaye da shi ya lotsa kamar mazurari, duk rijiyar da gindinta bai kai zurfin lotsawar ba sai ta ƙafe. Ruwan ƙasa bai san katanga ba, bai san takardar fili ba, bai ma san iyakar da ke tsakanin Babura da Jamhuriyar Nijar ba.

Ba yau muka fara ganin sakamakon mantawa da wannan ba. A ƙasar Barno, tun wajen ƙarshen shekarun 1950 aka riƙa haƙa rijiyoyi masu zurfi waɗanda ruwansu ke feshowa da kansa ba inji. Aka bar da yawa daga cikinsu a buɗe suna kwarara dare da rana, har ƙarfin feshin ya ragu, wasu suka daina. Da masana suka auna shekarun ruwan sai suka tarar ya nutse ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da ƙasar ke da damshi fiye da yanzu. Wato gado aka riƙa ci ana zaton riba ce. Haka nan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ita ce kuwa ke ciyar da ruwan ƙasa na wannan yanki. Wanda ya amfana yana sama, wanda ya ji jiki yana ƙasa, kuma ba su san fuskar juna ba.

Hujjar Mai Burtsatse

Adalci ne mu saurari maƙwabcin namu, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Da farko, rijiyar burtsatse alheri ce. Mu da muka kai shekara arba'in mun san kurkunu, mun ga manomi kwance da damina ƙafa a kumbure, gona ta zama ta ciyawa. Ƙidayar 1988 ta sami masu wannan ciwo fiye da 650,000 a Nijeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da shi, kuma samun ruwa mai tsabta maimakon na kududdufi yana cikin abubuwan da suka kawo haka. Duk wanda ya ce a daina haƙa, bai taɓa ɗaukar tulu ya yi tafiyar sa'a guda ba. Ruwan da aka bari a ƙasa alhali yara na shan laka, ba tsoron Allah ba ne, sakaci ne.

Na biyu, ya yi gaskiya da ya ce babu wanda ya gani. Mai yiwuwa ne tsagar dutsen da burtsatsensa ke sha daban take da wadda ke shayar da tsohuwar rijiya. Mai yiwuwa ne ƙarancin damina ne, ko yawan jama'a, ko duka a haɗe. Da a gaban alƙali ne, da wuya dattawan unguwa su kawo shaida.

To a nan ne ainihin tambayar take. Idan cutarwa ba ta ganuwa, kuma ba a iya tabbatar da ita, wa ya kamata ya ɗauki nauyin shakka? Abin da muka saba shi ne mu ɗora wa mai rauni. Mu ce wa mai guga ya kawo hujja, alhali ba shi da abin awo sai igiya. A Vostok an yi akasin haka: mai injin aka ce ya nuna cewa ba zai yi ɓarna ba kafin ya ci gaba. A ganinmu wannan shi ne daidai, saboda dalili biyu. Na ɗaya, shi ne ya kawo sabon abu, rijiya kuwa ta riga shi. Na biyu, shi ne mai halin bincike, domin wanda ya iya biyan motar haƙa zai iya biyan wanda zai auna masa ko jan ruwansa na taɓa rijiyar maƙwabta. Rashin sani uzuri ne ga wanda ba shi da hanyar sani. Wanda ke da hanya ya ƙi bi, don yana tsoron abin da zai gano, wannan ya zaɓi rashin sanin ne, kuma zaɓi yana da hisabi.

Me Mai Tono Ya Mallaka?

Amsarmu ita ce: ya mallaki wahalarsa. Ramin nasa ne, bututun nasa ne, inji da man da ya zuba nasa ne, kuma yana da haƙƙin ya riga kowa sha, ya shayar da iyalinsa da lambunsa. Amma ruwan bai ƙera shi ba. Ya sauka ne a gonakin mutane da yawa, ya nutse ta kududdufan da ba nasa ba, ya ratso ƙarƙashin gidajen waɗanda ba su da ko sisin haƙa, kafin ya iso bakin bututunsa. Abin da ya zo ta hannun jama'a haka, riƙon amana ake yi masa.

Wannan ba baƙon tunani ba ne da muka aro daga Turawa. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan harimin rijiya, wato kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ruwanta a cikinsa ba. A mazhabar Malikiyya ba a ƙayyade shi da taku kaza ba, an auna shi ne da cutarwa: duk inda tono zai rage wa rijiya ruwa, nan harimi ne. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya nuna cewa mai rijiya a filinsa yana da iko da ita, amma idan ta maƙwabcinsa ta rushe alhali yana da shukar da ake tsoron ta mutu, ba shi da damar hana shi rarar ruwa. Dubi yadda aka haɗa abu biyu: an tabbatar wa mai tono haƙƙinsa, an kuma yi masa iyaka da buƙatar wani. Abin da ya canja a yau shi ne tsawon hannu. A da mai ginar rijiya da ƙarfin damtsensa yake aiki, ga guga ɗaya, ga igiya ɗaya, ko ya so ya yi zalunci ƙarfinsa ba zai kai ba. Yanzu inji mai aiki da hasken rana zai wuni yana ja ba gajiya, ba kuɗin mai. Harimin ya faɗaɗa, amma tunaninmu yana nan a zamanin guga.

Hukuma ma ta yi nata. Dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta danƙa ikon ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, na sama da na ƙasa, a hannun Gwamnatin Tarayya. Amma dokar da ke Abuja ba ta zuwa bakin rijiyar unguwa da asuba. Abin da ke zuwa shi ne kunya da tsoron Allah da maganar dattawa.

Kammalawa

Saboda haka ga abin da muke gani, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Duk mai niyyar haƙa burtsatse ya fara zama da mai unguwa da maƙwabta kafin mota ta iso, a san inda za a haƙa da yawan abin da za a riƙa ja. Idan rijiyar jama'a ta ƙafe bayan haka, famfon da ya fitar waje kada a kira shi kyauta, a kira shi biyan bashi, a kuma sa masa lokacin buɗewa da kowa ya sani, don kada matar wani ta tsaya tana roƙo. A nisanta masai da bola daga bakin rijiya, domin abin da muka zuba a ƙasa shi ne kananzir ɗinmu, zai dawo mana a moɗa. A daina cike kududdufai ana yanka filaye, kamar yadda muka ga an yi wa da yawa a birnin Kano, domin ta nan ƙasa ke sha. Sannan mu koyi awo. Masanan can da tauraron ɗan'adam suka gane tafki ya tsiyaye, mu igiya mai ƙulli ta ishe mu. Mun fara da ɗalibanmu: ranar farko ta kowane wata sukan zura igiya a rijiyoyi uku na gari, su rubuta zurfin ruwan a littafi. Nan da 'yan shekaru, idan irin wannan gardama ta sake tashi, ba za a ce wa ya gani ba.

Tsohuwar rijiyarmu tana nan, an rufe bakinta da itace don kada yara su faɗa. Da damina takan kawo ruwa, kaka na wucewa ta janye. Maƙwabcinmu muna gaisawa da shi, muna sallah sahu ɗaya, kuma ba mu ɗauke shi azzalumi ba. Mutum ne da ya yi abin da yawancinmu za mu yi da mun sami halinsa, shi ya sa ma maganar ta shafe mu duka. Idan har mutane za su dakata shekaru saboda tafkin da ba mai sha daga cikinsa, to mu da maƙwabcinmu ke sha daga namu, dakatawar kwana ɗaya don a yi shawara ba ta yi yawa ba. Karin maganar magabata tana nan daram, a ci gaba da tono. Abin da muke roƙo shi ne mai tono ya riƙa tunawa da wanda igiyarsa ba ta kai tasa tsawo ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.